Ranar Da Na Fizge Hular Haro

Duk wanda ya san ni, daga Kara har cikin garin Gwarzo, ya san ba a sayen maganata yadda na tallata ta. In na ce na ga kura, to kare ne. In na ce kare, a duba da kyau, wataƙila kyanwar maƙwabta ce. Ko matata, in na ce yunwa za ta kashe ni, sai ta gama tsifar kanta kafin ta ɗora tukunya. Ban musa ba, ina ƙara gishiri. Amma a labarin nan, inda kuka ji abin dariya to na ɗan yayyafa, inda kuwa kuka ji abin tsoro wallahi ragewa ma na yi.

Mu biyu muka tafi Libiya neman aiki, ni da Haruna, wanda kowa ke kira Haro. Ɗan Gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Gude ta ƙasar Kabo, ka ga taubashina ke nan. Allah ya yi mu hannun riga. Ni in ƙaya ta soke ni sai unguwa ta fito jaje. Shi kuwa kakanninmu makiyaya sun tattara fulako, kunyar nan ta nuna ciwo, kaf sun bar masa, ko ƙwaya ba su rage mini ba. Na taɓa gani da idona bijimi ya take masa ƙafa har farce ya fita, aka ce, "Sannu Haro," ya ce, "Ba komai, da sauƙi," ya ci gaba da ɗaure igiya.

Abu ɗaya ne tak yake tayar da Haro tsaye: hularsa. Tun yana saurayi sanƙo ya share masa tsakar kai, fes kamar bayan ƙwarya, kuma kunyar abin yake ji fiye da kunyar sata. Ko alwala zai yi, ta ƙarƙashin hula yake cusa hannu. Ni kuma tun daga lokacin na sami sana'a. Ranar kasuwar Kabo, tsakiyar jama'a, sai in fizge ta in zura da gudu, shi kuma ya biyo ni yana cewa sai ya ga bayana. Bai taɓa kasa kama ni ba. Ƙeyata ta san tafin hannunsa fiye da yadda ta san matashin kai.

A Agadas na gane akwai iyayengijina a harkar ƙarya. Dillalin da ya haɗa mu da mota ya ce ai can gonakin madara ne, shanun Turawa, kowace saniya da fankarta, ma'aikaci kuma da ɗakinsa mai sanyi. Na saurare shi baki buɗe, na ce wa Haro, "Wannan ko ni sai in yi masa almajirci…" Ban ƙarasa ba ma Haro ya ce, "Ku biyun uwarku ɗaya."

Hamada ba zan ba da labarinta da yawa ba. An loda mu a bayan a-kori-kura, ƙafafu a waje, kowa rungume da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Ni ina ta salati da ƙarfi ina yafe wa mutanen da ba su nemi yafiyata ba. Haro hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kan hula. Da muka tsaya shan ruwa na ce, "Yaya ka ji?" Leɓensa ya tsage yana jini, ya ce, "Da sauƙi."

A Sabha wasa ya fara ƙarewa. A gida kullum ina kiransa bawana, shi ma yana kirana nasa, wasan taubasai ne tun na kaka da kakanni. A can muka ga gidan da ake kulle baƙi sai danginsu sun fanshe su, muka ji abin da ke fitowa ta tagarsa. Daga ranar ba wanda ya sake furta kalmar nan a cikinmu. Wanda aka ce zai karɓe mu ya kai mu gonar madara kuwa, ya karɓe wayoyinmu wai zai sa musu layi, har yau yana sa wa.

Bayan wahalar da ba ta da amfanin faɗa, muka sami kanmu can arewa, a wata gonar tumaki da shanu kaɗan, nesa da gari. Mai gonar dattijo ne, Hajji muke ce masa. Yana da faɗa amma ba mugu ba ne. Ba fanka, ba ɗaki mai sanyi, sai wata kwantena da rana ke gasawa. Amma dabba dabba ce ko ina take, kuma hannun Haro yana da albarka a kiwo. Ni kuma na zama bakinmu. Larabcin allo da na kasuwa na haɗa na dama, abin da ban sani ba in cike da hannu. Haro kalma biyu ya riƙe: alhamdulillahi da kwayyis, wato lafiya lau. Ya ce sun ishe shi.

A nan korona ta same mu, a shekararta ta biyu, da tsakiyar zafi.

Ni ta fara kamawa. Zazzaɓi, ciwon kai, abinci ya koma kamar ana tauna tsumma. Na kwanta na fara wasiyya. Na ce a gaya wa matata na yafe mata, a gaya wa mai shayin bakin tasha shi ban yafe ba. Ihun da nake yi ya sa tumaki suka daina cin abinci. Hajji ya tsorata, ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni wani asibiti a gari.

Likitar mace ce, ba ta da tsawo, idonta kaɗai ake gani saboda takunkumi. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjina. Inji ne mai kama da ƙaton bakin rijiya da aka jingine, a kwantar da kai a tura ka ciki, a ce ka riƙe numfashi. Na ce wa mai injin ai ni numfashin nawa ya riga ya ƙare, ba abin da zan riƙe. Da hoton ya fito ta liƙa shi a jikin fitila. Yanka-yanka yake, kamar yadda mahauci ke fere huhu a kan faifai. Ta nuna mini da biro.

"Ka ga nan baƙi? Ka ga nan ma baƙi? Baƙin nan iska ce. Huhu mai lafiya ke nan. Ciwon yana jikinka, amma bai sauka ƙirji ba."

Na ce, "Daktora, a sake dubawa, ni na san abin da nake ji."

Ta ce, "Kai ɗan wasan kwaikwayo ne. Tashi ka ba marasa lafiya wuri."

Na dawo gona da ƙwayoyi da kunya. Duk kwanakin da na yi a kwance Haro ne ke dama mini kunu, yana yin aikinsa yana yin nawa don kada Hajji ya ce ya gaji da mu. Ɗakinmu ɗaya, butarmu ɗaya.

Ban ji tarinsa da farko ba, don fita yake yi bayan garke ya yi abinsa. A salla na fara ganewa. Shi ke ja mana, kuma Haro mutum ne mai son doguwar sura. Sai na ji ya koma gajeru. Ana nan sai na ji yana yanke Fatiha a tsakiyar aya, ya ja iska, ya ci gaba. Da muka sallame na ce, "Malam, yau karatun rangwame aka yi mana?"

Ya ce, "Mai bin liman ba ya yi masa gyaran tafiya."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Wata safiya na fito na hango shi a bakin shinge. Ya dafa ƙarfe da hannu biyu, ya buɗe kafaɗu, ya miƙa wuya gaba, baki a buɗe, haƙarƙarinsa na shiga yana fita. Duk ɗan da ya tashi a gidan shanu ya san tsayuwar nan. Haka saniya ke tsayawa in ciwon huhu ya ci ƙarfinta: ta ware ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, ta ƙi kwanciya. Ina yaro ciwon ya shiga garken mahaifina, na ga yadda suke tsayawa haka yau, jibi a jawo su da igiya.

Da ya ji motsina sai ya saki shingen, ya gyara hula, ya ce yana duba wata tunkiya ce.

Na ruga wurin Hajji. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma haka ka ce za ka mutu." Ya kira Haro ya tambaye shi. Haro ya ce, "Kwayyis, alhamdulillahi." Na rantse, na kama gemuna, na kama nasa. Da ƙyar ya yarda, amma ya ce in ji da kyau: man mota ya yi wuya, hanya duk shingen masu bindiga, ga dokar hana fita. Wannan ce tafiya ta ƙarshe. In likita ta ce a dawo, an dawo ke nan.

Asibitin da na sani ba shi na tarar ba. Mutane har bakin titi, wasu a cikin motocinsu da tukunyar iska a gefe, wasu suna rungume da tukunyar da ba komai cikinta suna neman inda za a cika. Wata mata na dukan ƙofa da tafin hannu tana kiran sunan wani. A bakin ƙofar aka ajiye tebur, likitar nan tana zaune, tana zaɓen wanda zai shiga. Gado ya ƙare, sai wanda ya fi kowa jin jiki.

Haro ya sha kwanciya a bayan mota tun daga gona, ga shi mun daɗe zaune a benci. In bai motsa ba abin yana lafawa. Da layi ya zo kanmu ya zauna a kujera, ya miƙe baya kamar mai jiran ɗaurin aure.

Likita ta ɗago ta gan ni. "Kai ne kuma?"

Na ce, "Ba ni ba ne, Daktora, ɗan'uwana ne. Mutuwa yake yi."

"Kai ma mutuwa kake yi ran nan."

Ta maƙala masa ɗan abin nan da suke sa wa a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta duba, ta ɗan karkata kai. Lambar ba ta yi kyau ba, amma akwai waɗanda tasu ta fi muni a kwance a ƙasa. Ta dube shi ta tambaye shi yadda yake ji.

Na ce da Hausa, "Haro, don girman Allah, ka faɗi gaskiya. Ka ce ba ka iya numfashi. Ka yi nishi ko sau ɗaya ne."

Ya ce, "A gaban mace? Ga mutane kwance sun fi ni." Ya juya wurinta, har da ɗan murmushi a ido. "Alhamdulillahi. Kwayyis."

Wannan ba ta buƙatar tafinta. Na ce mata a garinmu ko mutum yana gargara haka zai ce, al'ada ce, ba a kai ƙarar ciwo. Larabcin ya watse mini, na koma yi da hannu. Ta ce ta ji, amma ba ta da gado. A ba shi magani, ya kwanta rub da ciki, in ya tsananta a dawo da shi. Ta ɗaga hannu tana kiran na baya. Hajji ya riga ya fito da makullin mota.

In ya tsananta a dawo da shi. Wa zai dawo da shi? Na hango kwantenar nan, na hango kaina ni kaɗai da shi a ciki, da kuma abin da zan gaya wa Gwaggo.

Sai kasuwar shanu ta faɗo mini a rai. Mai sayen saniya in yana zargin huhunta ba ya tambayar mai ita, ba ya kuma duba ta a tsaye, don a tsaye kowace saniya lafiyayya ce. Korarta yake yi. Ta ɗan yi gudu, sai ƙirjin ya faɗi abin da ke cikinsa.

Ban yi shawara da kowa ba, don in na tsaya tunani ba zan iya ba. Na miƙa hannu na fizge hular.

Sanƙon nan ya bayyana a tsakiyar Larabawa, rana na dukansa, gaban mata da maza. Na ja da baya ina kaɗa ta sama, na ɗaga murya yadda nake yi a kasuwar Kabo: "Jama'a ga madubi kyauta! Mai son gyara rawani ya matso!"

Idonsa ya yi ja. "Idi, ba ni."

"Zo ka karɓa, in kai ɗan Gude ne."

"Idi, ba na wasa."

"Ni ma ba na yi. Taso, mai ƙwaryar Gwaggo a ka!"

Ya taso. Wallahi ya taso, abin yatsan nan na maƙale a hannunsa. Ina ja da baya yana biyowa, bakina na zuba tsiya. Bai kai tsawon igiyar ɗaure maraƙi ba sai ya tsaya. Ya ware hannu yana neman abin dafawa. Wuyan ya miƙe. Tari ya turnuƙe shi, irin wanda ba ya fita, leɓensa ya koma kalar toka. Abin yatsan ya fara ƙara. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, na tare shi kafin kansa ya bugi siminti.

A jikina yake, ba nauyi, kamar na rungumi damin kara. Ya kama rigata ya jawo kunnena kusa da bakinsa. Na zaci zagi ne. Ya ce, a rarrabe, "Idi… babu sauƙi."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Hamada ba ta ba ni shi ba, Sabha ba ta ba ni ba.

Likita ta ture kujera ta zo da gudu, ta dubi lambar, ta ƙwala wa ma'aikata kira. Aka ɗora shi a gadon turawa, aka rufe masa fuska da abin iska. Kafin ta bi su ta juyo ta nuna ni da yatsa. "Ka san za ka iya kashe shi?" Ƙofa ta rufe. Na tsaya da hula a hannu.

Da yamma ta sa aka kira ni ta taga, ta ɗaga hoton ƙirjinsa. Na nemi baƙin nan da ta nuna mini a nawa, sai ɗan kaɗan can sama. Sauran duk fari, dama da hagu, kamar an kifar da ƙwaryar nono a ciki.

Ta ce, "Da wannan yake yi mini kwayyis?"

Na ce, "Da shi yake ɗaukar buhun dusa shekaranjiya."

Na ce, "Zai tashi?" Ta ce ita ba ta sani ba. Wanda farin ya cinye masa huhu haka, wasu suna fita, da yawa ba sa fita. Za su yi abin da za su iya.

Hajji ya koma gona, ya bar mini bargo da tsohuwar waya. Na tare a gindin wata bishiya a bayan asibitin, tare da wasu masu jiran nasu. Wani mai shayi ɗan Damagaram da ya ji ina Hausa ya riƙa miƙo mini kofi da burodi, bai taɓa tambayata komai ba sai, "Ya mai jiki?" Ni kuma, abin mamaki, sai in ji bakina ya ce, "Da sauƙi."

Bishiyar tana kallon ƙofar baya, kuma ta nan ake fito da waɗanda suka rasu. Ba wanka, ba likkafani da za ka gani, sai baƙar jaka mai zif, da mutane cikin fararen kaya kamar aljanu suna fesa magani. 'Yan gari danginsu na bin motar daga nesa. Baƙo kuwa ba mai bin sa. Duk jakar da aka fito da ita sai na auna tsawonta da ido. Haro dogo ne. In na ga gajeriya sai in yi hamdala, sannan in ji kunyar hamdalar, don ita ma ɗan wani ce. In na ga doguwa, sai in ruga taga, ba na barin wurin sai an ce mini yana nan. Rannan aka ce an sa shi a injin numfashi. Kullum ina juya maganar likita: ka san za ka iya kashe shi? Ko gudun nan ne ya ƙarasa abin da ya rage? Hular tana cikin aljihuna, ina jin ta kamar garwashi.

Ana cikin haka na kira gida. Haro ɗan fari ne, Gwaggo ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta ba ni labarin damina ta yi kyau, dawa ta fara fitar da kai. Ina ta amsawa da to, to, madalla.

Sai ta ce, "Idi."

"Na'am, Gwaggo."

"Yau ba ka ce ka sayi jirgin sama ba. Ba ka ce Larabawa sun naɗa ka sarki ba."

"Gajiya ce, Gwaggo."

"Ina abokin tafiyar taka?"

"Yana… ya ɗan ji zazzaɓi ne. Da sauƙi."

Ina jin kukan akuya a bayanta, da wata tana daka. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Idrisu, Haruna yana da rai?"

Na ce yana da rai. Na rantse mata. Karo na farko a rayuwata da na yi rantsuwa ina roƙon Allah kada ya mai da ni maƙaryaci kafin in kashe waya.

Allah bai mai da ni ba. Bayan makonni aka cire masa injin, aka dawo da shi ɗakin da ake iya hango shi ta gilashi. Ya rame har na kusa wuce shi. Kan nan a buɗe, ba wanda ya damu. Da ya gan ni ya ɗaga hannu da ƙyar ya dafa tsakar kansa, ya harare ni. Na ba wata nas hular, ta sa a leda ta fesa mata magani ta kai masa. Ya sa ta kafin ya amsa sallamata.

Na zaci an gama, ashe da saura. Kafin a sallame shi aka sake ɗaukar hoto. Nonon nan ya janye, baƙi ya dawo, na fara murna. Likita ta ce in matso. A ƙasan huhun, ta gefe-gefe, akwai zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo, wani wurin ya tattare kamar bakin zanen da aka ja zarensa.

Ta ce, "Cutar ta tafi. Wannan sawunta ne. Tabo."

Na ce, "Tabo ai ba ya ciwo, Daktora. Ni ma ga shi a ƙafata."

Ta ce na ƙafa ba ya numfashi. Huhu so yake ya buɗe ya rufe kamar zugazugi, inda ya yi tabo kuwa ya taurare. Ta ce waɗanda ciwon ya yi wa yawa, da waɗanda suka daɗe a inji, su suka fi fita da shi. Wani tabon yana bajewa a hankali cikin watanni, wani yana zama har abada, wani kuma, ba kasafai ba, yana ƙaruwa. Wanne ne nasa, hoton yau ba zai faɗa ba. Sai an jira, a sake dubawa. Kada ya koma cikin dusa da ƙurar garke, kada kuma ya bi hamada.

Sai na tuna wata saniyar mahaifina da ta tsira daga ciwon huhun nan na shanu. Ta yi shekaru, ta haihu, amma kullum ita ce ta ƙarshe a garke. Ranar da aka yanka ta muka ga gefen huhunta ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri kamar jijiya, wuƙa ma tana ƙin sa. Na ba Haro labarin don in ƙarfafa masa gwiwa. Ya ce, "Wato ni ne saniyar?" Na ce, "A'a, ita tana da gashi a ka." Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, nas ta kore ni. Ashe har dariya sai na riƙa auna masa.

Ta jirgin da ake kwaso masu son komawa gida muka dawo, bayan likita ta tabbatar yana iya tafiya tsawon baranda ba tare da tukunyar iska ba. Ranar da za mu tafi ta ce in gaya masa, duk likitan da ya tambaye shi a garinmu, ya faɗi abin da yake ji. Na fassara. Haro ya ce mata, "Kwayyis." Ta ɗaga hannu sama ta tafi.

Yanzu yana Gude. An sake hoton a Kano, aka ce wani wurin ya baje, wani yana nan daram. Ba ya bin shanu daji, yana zaune a inuwa yana tufkar igiya. In ya hau ɗan tudun bakin rafi sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana kallon gonar wani. In na je gaishe shi ba na sauraron bakinsa, haƙarƙarinsa nake kallo ta cikin riga. Hular kuwa ban sake taɓa ta ba. Tsoro biyu ne ya hana ni: kada ya biyo ni ya faɗi, kada kuma ya kasa tasowa.

Ranar wata kasuwar Kabo muna zaune a rumfar masu igiya, ya dube ni ya ce, "Wai kai, gawa ka ɗauke ni?"

Na ce, "Me na yi?"

"Tun da muka dawo sai sannu, sai ya jiki. Ko matata ba ta dame ni haka ba. In ka zama malamin asibiti ka faɗa mini."

Ya ɗan turo hular gaban goshi, ya kau da kai.

Na daɗe ina kallonta. Sannan na fizge ta, na miƙe. Ban yi gudu ba. Wanda bai taɓa ganin ɓarawo yana tafiyar amarya ba, ranar ya gani. Ina tafe ina ihun madubi kyauta, kunnena duk yana baya. Ina jin takunsa, ina jin numfashin yana fita da ɗan fito kamar iska a ɓarakar ƙofa. Muka wuce masu tattasai, muka wuce masu gishiri. Bai tsaya ba. A gindin ɗorawar bakin kasuwa hannu ya sauka a ƙeyata, tas, har masu awo suka waiwayo.

Ya karɓi hularsa ya sa, ya dafa bishiyar, ya miƙa wuya yana haki. Na tsaya kusa, hannuna a shirye. Da ƙyar numfashin ya daidaita.

Na ce, "Ya jikin?"

Ya ce, "Na gaji, ɗan banza. Ƙirjina kamar an ɗora dutse. Samo mini kujera."

Na ruga neman kujera, ƙeyata na zafi, ina dariya ina share ido.